Kimiyya A Zaure: Katangar Da Ake Gwadawa Tun Ba A Gina Ta Ba

 

A cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai ta wata baiwar Allah daga Kumasi, wadda ta ce ta yi shekara da shekaru tana sayar da koko da ƙosai a jikin bangon wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Kwanan baya sai ta ji an ce an kawo na'urar ɗaukar hoton ƙirji, an kuma ajiye ta a ɗakin da ke bayan wannan bango. Tambayarta ita ce: shin hasken nan da ake cewa yana ratsa jikin mutum, ba ya ratsa bango ya same ta, ita da jikanyarta da ke taya ta aiki? In kuma an ce ba ya ratsawa, wa ya auna, kuma ta yaya?

To, Hajiya, tambaya mabuɗin ilimi ce, taki kuwa ta kai mu makaranta da furfurarmu. Mun nemi wani ɗanmu na nan zango wanda ke karatun digiri na biyu a fannin kariya daga irin wannan haske, muka roƙe shi ya zauna da mu. Kusan mako shida muna haɗuwa da shi a zaure bayan isha'i, da 'yar tsohuwar kwamfutarsa a kan tabarma, yana nuna mana yadda masana ke gwada katanga a cikin na'ura tun ba a kai ga haƙa harsashi ba. Abin da muka koya, da kurakuran da muka tafka, su ne za mu kawo muku yau.

Da farko bari mu daidaita suna. Gidajen rediyo sukan ce tururin nukiliya, amma mu a nan za mu riƙa cewa ɓoyayyen haske, domin ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa, kuma wani irinsa daga wutar lantarki ake samar da shi, kamar na hoton ƙirji. Wani kuma yana fitowa ne daga wasu ma'adinai, irin su kobalt-60 da ake gasa ciwon daji da shi, shi ne ake kira hasken gamma. Ana auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Ƙasa da iska da abinci suna ba kowane ɗan Adam kimanin milisibat 2.4 a shekara, in aka ɗauki matsakaicin duniya. Ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita ta ce kada aikin wani ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara a kan wannan, ma'aikacin wurin kuwa kada ya wuce 20. Saboda haka duk lissafin katanga yana komawa ne ga tambaya guda: mutumin da ke zaune a bayanta, nawa zai sha a shekara?

Ku sani wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1963 aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana, kuma a 1964 Shugaba Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyarta a Kwabenya, wurin da ya ba unguwar Atomic sunan da 'yan kamashon mota ke kira kullum. A ƙarshen 1994 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a can, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30, kuma a 2017 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace shi sosai ba. Asibitin Korle Bu ya buɗe sashen gasa ciwon daji a 1997, na Komfo Anokye a Kumasi ya biyo baya a 2004. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da katangu masu kauri, kowace katanga kuma sai da wani ya zauna ya lissafa ta.

Lissafin farko da hannu ake yinsa, kuma ba shi da wuya. In ka ninka nisanka daga tushen hasken sau biyu, abin da ke isowa gare ka zai koma kashi ɗaya bisa huɗu. Haka kuma kowane abu yana da kaurin da ke raba ƙarfin hasken biyu. Ga hasken kobalt-60, dalma mai kaurin santimita 1.2 tana raba shi biyu, kankare kuwa sai ya kai kimanin santimita 6. In ka jera irin wannan kauri sau goma, wato kankare na santimita 60 da ɗoriya, abin da zai fita ya koma kusan ɗaya bisa dubu. Da irin wannan lissafi, tare da jadawalin da ke cikin littattafai, ake tsara yawancin ɗakunan hoton ƙirji.

Matsalar ita ce hasken ba ya tafiya a miƙe kaɗai. Yakan bugi abu ya karkace, ya bugi rufi ya sauko, ya bi lungu ya sha kwana, ya zurara ta ƙarƙashin ƙofa. Da zarar ɗaki ya samu lunguna da bututu da ƙofofi, lissafin hannu sai ya fara gazawa. A nan ne ake komawa ga kwamfuta.

Dabarar ta samo asali ne a Amurka a 1946, lokacin da wani masanin lissafi ɗan asalin Folan, Stanislaw Ulam, yake jinya yana ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya. Ya so ya san sau nawa wasan ke fita daidai, sai ya ga lissafin ya yi masa tsawo, ya ce ai gara a buga wasan sau ɗari a ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗora wannan tunani a kan tafiyar ƙwayoyin nutiron a cibiyar bincike ta Los Alamos, abokin aikinsu Nicholas Metropolis kuma ya raɗa wa dabarar suna Monte Karlo, sunan wani gari da ya shahara da gidan caca. Kada sunan ya tayar wa kowa da hankali, babu kuɗin kowa a ciki. Ƙuri'a ce kawai na'ura ke jefawa.

Ga yadda ɗanmu ya kwatanta mana. Ya ce, "Baba, ku ɗauka an saki baƙo a bakin kasuwar Kejetia, bai san hanya ba. Zai yi 'yan taku ya ci karo da wani, ya juya, ya sake cin karo. Wataƙila ya gaji ya zauna, wataƙila ya koma inda ya fito, wataƙila kuma ya ɓulla ta ɗaya gefen. Ba wanda zai iya faɗin makomar mutum ɗaya. Amma in kun saki mutum miliyan ɗaya kuna ƙirgawa, za ku san kashi nawa ne ke ɓullewa." Haka na'urar ke yi. Tana sakin ƙwayar haske ɗaya, ta jefa ƙuri'a ta zaɓa mata alƙibla, ta sake jefawa ta zaɓi nisan da za ta yi kafin ta yi karo, ta sake jefawa a ga ko an haɗiye ta ko ta karkace da ragowar ƙarfi. Ƙuri'ar ba ta son rai ba ce, tana bin manyan jadawalai ne da masana suka tara daga gwaje-gwaje na shekaru masu yawa. Alal misali, ƙwayar hasken kobalt-60 takan yi tafiyar santimita 7 zuwa 8 a cikin kankare kafin ta yi karon farko.

Manhajojin da ke wannan aiki suna da dama. Akwai MCNP ta Los Alamos, wadda ta fito da wannan suna a 1977. Akwai Geant4 ta cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, wadda aka fara saki a 1998. Akwai FLUKA, da PHITS ta Japan, da kuma OpenMC wadda aka fara rubutawa a jami'ar MIT a 2011. Mu da OpenMC muka yi karatu, domin kyauta ce. Kowacce ka ɗauka, abu huɗu za ta nema daga gare ka: siffar wurin, kayan da aka yi shi da su, tushen hasken, da kuma inda kake so a yi ƙidaya.

Darasin farko, ɗanmu ya hana mu gina katanga ko ɗaya. Ya ce mu ajiye ɗan ɗigon kobalt-60 a fili, mai ƙarfin gigabekarel 1, mu yi ƙidaya a nisan mita ɗaya. Na'ura ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta fito da wata lamba mai jerin sifili a gabanta, har muka fara cewa ashe abin ma bai taka kara ya karya ba. Sai yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan rabon ƙwaya ɗaya ce tak." Ashe na'urar tana ba da amsa ne a kan kowace ƙwaya guda da ta saki, kai ne za ka ninka da yawan da tushenka ke fitarwa. Gigabekarel 1 yana nufin fashewa biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kowace fashewa ta kobalt-60 kuma ƙwaya biyu take saki. Da muka ninka da biliyan biyu, muka sake ninkawa da daƙiƙa 3,600 na awa guda, sai ga amsa ta tsaya kusa da milisibat 0.35 a awa, daidai da abin da ke cikin littafi. Ma'ana, wanda ya zauna a wurin awa uku ya cinye rabonsa na shekara. Tushen da ake gasa ciwon daji da shi kuwa ya fi wannan ƙarfi ninki dubu ɗari ko fiye.

Abin da yaron ke son mu gane shi ne, mai koyo ya fara da tambayar da ya riga ya san amsarta. In na'ura ta kasa ba ka abin da ka sani, ba ka da dalilin gaskata ta a kan abin da ba ka sani ba.

Darasi na biyu ya fi ba mu kunya. Mun gina katangar kankare mai kaurin santimita 130, muka saki ƙwaya dubu ɗari, muka yi ƙidaya a bayanta. Amsa ta fito sifili. Ɗaya daga cikinmu har ya ce alhamdu lillahi, katanga ta yi. Yaron ya ce mu koma ga lissafin hannu. Katanga mai wannan kauri tana rage hasken ne zuwa kusan ɗaya bisa miliyan, mu kuwa dubu ɗari kacal muka saki. Ba mu aika isassun 'yan aike ba, shi ya sa ba wanda ya dawo da labari. Tushen gaske kuwa a kowace daƙiƙa yana sakin abin da ya ninka namu nesa ba kusa ba, don haka ɗaya bisa miliyan ɗin nan abu ne da dole a lissafa.

Daga nan muka koyi duba lamba ta biyu da ke zuwa a gefen kowace amsa, wato gwargwadon kuskuren ƙidaya. Masu MCNP sun ce amsar da kuskurenta ya haura kashi 10 cikin ɗari ba abar dogaro ba ce. Rage kuskuren kuma yana da tsada: in kana so ya ragu da rabi sai ka ninka ƙwayoyin sau huɗu, in kana so ya koma ɗaya bisa goma sai ka ninka su sau ɗari. Wata rana mun bar kwamfutar tana aiki tun dare, kafin asuba aka ɗauke wuta, batirin ya mutu, aikin ya tafi. Saboda irin wannan tsada ne masana suka ƙirƙiro wata dabara. Duk ƙwayar da ta yi nisa a cikin katanga sai a raba ta biyu, kowace ta ɗauki rabin nauyi, wadda kuma ta juya baya inda ba a bukatarta sai a jefa mata ƙuri'a, ko a kashe ta ko a bar ta da ƙarin nauyi. Ta haka ƙwayoyi da yawa ke kaiwa bayan katanga ba tare da an ɓata jimillar lissafi ba. Sai dai dabara ce mai kaifi biyu, domin wanda bai ƙware ba yakan samu amsa mai ƙaramin kuskure a rubuce alhali ta kauce wa gaskiya.

Darasi na uku ba daga ɗalibin ya fito ba. Wani maƙwabcinmu magini, wanda ya yi shekara talatin yana ɗora bulo, ya shigo zauren ya tsaya yana kallon hoton ɗakin da muka zana. Ya tambaya, "Malam, wannan bangon da me kuka yi shi?" Muka ce kankare, mai nauyin giram 2.35 a kowane santimita murabba'i ta kowace fuska, kamar yadda littafi ya ce. Ya yi dariya ya ce, "A wane gari? Yawancin ɗakunan da ake mayarwa asibiti a unguwanninmu shaguna ne ko gidajen haya. Bulo ne mai rami, yashi ya fi siminti yawa. Kuma ina ramin na'urar sanyaya ɗaki? Ina tagar da aka toshe da katako aka shafe da fenti? Ƙofarku ma na ga ta manne da ƙasa, ni kuwa ban taɓa kafa irinta ba."

Zauren ya yi tsit. Muka koma muka sa ramuka a cikin bulo, muka rage nauyinsa, muka huda bango, muka ɗaga ƙofa da kaurin yatsa. Lambar da ke bayan katanga ta tashi ninki da dama, kuma mafi yawan abin ta ramin nan ya bi. Na'urar ba ta yi ƙarya a karon farko ba. Ɗakin da muka ba ta shi ta lissafa, sai dai ɗakin babu shi a duniya. Ɗanmu ya ƙara mana da cewa a MCNP, in za ka rubuta nauyin abu da giram dole ka sa alamar ɗebewa a gaban lambar. In ka manta, sai na'urar ta karanta lambar da wani ma'auni dabam, kankarenka ya zama ya fi na gaske nauyi kusan ninki 30, ya tare komai, kuma ba lalle ta yi maka ko tari ba.

Haka nan sanin irin hasken yana da muhimmanci. Dalma gwana ce wajen tare hasken gamma da na hoton ƙirji, amma ba ta da wani kataɓus a gaban nutiron. Shi nutiron abu mai sauƙi ne ke rage masa gudu, kamar ruwa ko roba ko kakin kyandir, sannan sinadarin boron ya haɗiye shi. Manyan na'urorin gasa ciwon daji masu aiki da lantarki, in ƙarfinsu ya haura bolt miliyan 10, sukan haifar da nutiron, shi ya sa ake sa wa ƙofofinsu roba mai boron, a kuma yi wa ɗakin hanya mai lanƙwasa kamar zauren gidan sarki, yadda na waje ba ya hango na ciki. Wanda ya manta bai gaya wa na'ura ta bi sawun nutiron ba, ba za ta bi ba.

Saboda duk waɗannan dalilai, aikin bai ƙare a kan kwamfuta. Bayan an gama gini sai ma'aikaci ya zo da na'urar aune a hannu, a kunna injin, ya bi bango taku-taku, ya duba bakin ƙofa da rufi da bayan gida. Gani ya kori ji. In abin da ya auna ya saɓa wa abin da aka lissafa, to, awon ne mai gaskiya, sai a koma a nemo inda aka yi kuskure.

Yanzu sai mu juyo ga matasanmu, maza da mata. Mun lura a zangunanmu in yaro ya yi ƙoƙari a kimiyya, ba a san masa wata hanya ba sai likita ko injiniya, in bai samu gurbi ba sai a ce ya faɗi. Ga wata hanya a buɗe. Tun 2006 Jami'ar Gana da Hukumar Makamashin Nukiliya suka buɗe makarantar digiri na biyu a Kwabenya, inda ake koyar da kimiyyar lafiya ta wannan fanni da kariya daga ɓoyayyen haske da injiniyancin nukiliya. Mai sha'awa ya riƙe lissafi da fiziks tun daga sakandare, ya koyi harshen kwamfuta na Python, ya saba da Linux, ya kuma daure wa karatun littafin jagora da Turanci. OpenMC da Geant4 kowa na iya saukewa daga intanet ba da ko sisi ba. MCNP kuwa sai an nemi izini daga wata cibiya da ke Oak Ridge a Amurka, saboda haka kada wani ya karɓi kwafinta a hannun aboki, yin haka na iya rufe masa ƙofofi nan gaba. Ba a bukatar babbar na'ura don farawa, wadda muka yi karatu da ita ta haura shekara takwas.

Iyaye kuma mu sani muna da riba a ciki. Sau nawa tsohuwa daga zango take zuwa a gasa mata ciwon daji, a shigar da ita ɗaki mai kaurin bango, kowa ya fita a rufe ƙofa, ba wanda zai yi mata bayani da harshen da take ji? Sau nawa irin wannan tsoro ya sa mara lafiya ya ƙi komawa, sai ciwo ya ci ƙarfinsa? Ɗanmu ko 'yarmu da ke aiki a wurin zai iya gaya mata da Hausa cewa bangon don ma'aikatan da ke wurin kullum aka yi shi, ita kuwa an auna mata nata daidai da ciwonta.

To, Hajiya mai koko, ga amsarki. Hasken hoton ƙirji bai kai na kobalt ƙarfi ba ko kusa. Yana fita ne kawai a lokacin da aka danna, na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma ba ya maƙalewa a bango, ba ya shiga koko ko ƙosai ya zauna. Dalma mai kaurin milimita 2, ko kankare cikakke marar rami na kimanin santimita 15, yakan wadatar a irin wannan ɗaki. In an yi aikin bisa ƙa'ida, ke da jikanyarki ba ku da abin fargaba. Amma mu daga nan ba mu ga bangon ba, darasin maginin nan kuwa bai bar mu mu yi miki rantsuwa a kan abin da ba mu gani ba. Ki shiga cikin ladabi ki nemi ganin mai asibitin, ki tambaye shi abu biyu: ko suna da lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda dokar 2015 ta kafa, da kuma ko an zo an auna bayan bangon da kike zama, an kuma san cewa akwai mai wuni a wurin. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin lissafin bangon da ake wucewa ta gefensa dabam yake da na bangon da mutum ke jingina da shi awa takwas kullum. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba, takarda zai ɗauko ya nuna miki. In aka yi miki hanya-hanya, ki matsar da teburinki 'yan taku daga bangon, ki sa wani ɗanki mai karatu ya rubuta wa hukumar, sannan ki sake rubuto mana.

Muna godiya ga ɗanmu da ya yi haƙuri da tsofaffin ɗalibai, da kuma maƙwabcinmu magini. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba.